Birkin faifai ko na ganga, da tayar da ke da tambarin ƙanƙara

Tambaya: Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Samaru. Watan jiya na sayi Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano, an ce daga Kanada aka shigo da ita. Birkin gaba na faifai ne, na baya kuma na ganga. Wani bakanike ya ce ganga tsohon yayi ce, in kawo kuɗi ya mayar mini da bayan ma faifai. Sannan tayoyin huɗu duk suna da zane mai zurfi, da wani tambari kamar dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Mai faci ya ce tayar hunturu ce, tunda sanyi ya kusa in bar abina. Ƙanena da ke karatu a Montiriyal shi ma ya sayi mota, an ce masa dole ya sa irin wannan taya. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya, ya tsare mana hanya.

Ga amsar a dunƙule kafin in warware ta: ka bar birkin bayan nan yadda masu motar suka ƙera shi, kuɗin da ka yi niyyar ba bakaniken ka kai su wurin taya, ƙanenka kuma ya sayi tayar da aka ce masa tun kafin Disamba ta kama. Na haura shekara ashirin da biyar ina aikin ƙafar mota a Sabon Gari, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga mutum ya zuba kuɗi a abin da lafiyarsa ƙalau, ya bar abin da ransa da na iyalinsa ke rataye a kai.

Birki aikinsa ɗaya ne, ya mayar da gudu ya koma zafi. Motarka da kai da iyali a ciki za ta kai kilo 1,500. Idan kana gudun kilomita 100 a hanyar Kaduna ka taka birki har ta tsaya cak, zafin da zai sauka a kan ƙarafan birkin cikin daƙiƙa uku ko huɗu ya isa ya kai ruwa kusan lita biyu ga tafasa. In ka ƙara gudun zuwa 140, zafin ninkawa zai yi, kusan sau biyu. Don haka duk gardamar faifai da ganga a kan abu guda take: wanne ya fi saurin rabuwa da zafin da aka ɗora masa.

Ganga, wadda a gareji muke ce wa diram, kwano ne na ƙarfe mai kauri da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, su ne shu, an manna musu lainin. Da ka taka birki sai man birki ya tura 'yan fistin biyu da ke cikin wata ƙaramar silinda, su buɗa takalman su dafe cikin kwanon. Ka ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su su koma. Tana da wata baiwa da ba kowa ya sani ba: juyawar gangar da kanta tana jan takalmin gaba ta ƙara cusa shi a jikinta, shi ya sa ƙarfi kaɗan ke ba da riƙo mai yawa. Saboda wannan ne har yau za ka ga yawancin tireloli da tankokin mai da ke bi ta Kwangila da ganga suke tsayawa, kuma hambirkin da ke aiki da ganga yakan riƙe mota a gangara sosai.

Rauninta shi ne tukunya ce a rufe. Zafi ya shiga, ba shi da ƙofar fita da wuri. Ƙarfe kuwa idan ya ɗauki zafi buɗewa yake yi, ganga in ta buɗe nisa take yi da takalman. Sai direba ya ji ƙafarsa na ƙara nutsewa, motar kuma ba ta rage gudu yadda ta saba. Haka in ka kutsa cikin ruwan da ya kwanta a hanya da damina, ruwan yakan tsaya a cikin kwanon, sai ka ɗan yi tafiya kana taɓa birki a hankali kafin ya bushe.

Faifai kuwa, wato dis, a fili yake, iska na dukansa ta ko'ina. Kalifa ce ke rungume da shi da fad biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, kamar ka matse faifan rufe ƙwarya tsakanin tafukanka. Na gaban motarka ma biyu ne a haɗe da ramuka a tsakani, yana juyawa yana zuƙar iska ta ciki. In ya yi zafi ya kumbura, kusantar fad yake yi. Ruwa ya taɓa shi, juyi kaɗan ya watsar. Ba ya buƙatar a riƙa ɗaure shi, kuma ko ta tsakanin wili za ka iya leƙa fad ka ga ko ya cinye. A wajen jure zafi ba a haɗa su, faifai ne gaba, wannan ba abin musu ba ne.

Maganar tsohon yayi kuwa, tsararrakin juna ne. A shekarar 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga irin na zamani a Faransa, a shekarar nan dai Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Faifai ne ma ya yi jinkiri, sai da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba a 1955, sannan ya bazu. Kuma yau ɗin nan Volkswagen ID.4, motar lantarki ta zamani, da ganga take fitowa a baya.

To me ya sa Toyota ta sa faifai a gaba ta bar ganga a baya? Ka lura da motarka in ka taka birki da ƙarfi: hancinta duƙawa yake yi, bayanta ya ɗaga. Nauyi ya koma gaba ke nan, ga shi dama inji da giya duk a gaba suke. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayawa, wani lokaci ma fiye. Ɗan abin da ya rage wa baya bai kai ya gasa ganga ba a irin tuƙin da kake yi daga Samaru zuwa Tudun Wada, ko zuwa Kano a ƙarshen mako. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Da gangan injiniyoyi suke rage ƙarfin birkin baya, domin in tayar baya ta riga ta gaba kullewa, bayan motar zai zagayo gaba ne, kuma babu abin da sitiyari zai iya yi a kai.

Nan ne haɗarin aikin da ake son yi maka yake. Mayar da ganga faifai ba cire wannan a ɗaura wancan ba ne kawai. Sai an canza mazaunin kalifa da wayoyin hambirki, sau da yawa har da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura wili a kai. Kalifa ta fi ƙaramar silindar ganga shan mai, don haka mastar birki ma sai an duba ko za ta iya. Na'urar ABS, mai hana taya kullewa da raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, kuma an saita ta ne a kan ganga. A kasuwarmu abin da ake yi shi ne a tsinto kalifa daga wannan mota, faifai daga waccan, a fasa rami a yi walda a ce an gama. An taɓa kawo mini wata mota da aka yi wa haka. Mai ita ya taka birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta wajen Ɗan Magaji, sai ya tsinci kansa yana kallon inda ya fito. Allah ya kiyaye ba mota a bayansa. Da muka kwance, kayan motoci uku muka samu a ƙafafun bayan nan, hambirkin kuma ko a fili ba ya riƙewa. Sai da muka nemo masa ganga muka mayar.

Ba na ƙin faifai a baya. Babbar mota mai nauyi, ko mai jan kaya, ko wadda kullum tana hawa da sauka a duwatsu, tana amfana da shi, kuma in da haka kamfani ya ƙera ta, madalla. Sai dai shi ma yana da nasa ciwon a ƙasarmu. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna shiga 'yan sandunan da kalifa ke zamewa a kai, su cije, fad ɗaya ya cinye ɗaya na nan sabo. Ganga a rufe take, ƙura ba ta cika samun ta ba, kuma shu ɗaya yakan ga bayan fad ɗin gaba biyu ko uku.

Abin da gangarka ke buƙata kulawa ce. Ka sa a buɗe duka biyun a gabanka. A ɗaga robar da ke bakin ƙaramar silindar a ga ko akwai danshin mai. In akwai, a canza silindar, in kuma man ya jiƙa lainin a canza shu na ɓangarorin biyu tare. A duba sifirin, a tsabtace abin ɗaurewa, a saita takalman su matso kusa da ganga ba tare da suna gogar ta ba. Yawancin masu cewa birkin ganga ba ya kamawa, wannan saitin ne kawai ya kwance. Kada ka yarda a hure ƙurar ciki da baki ko da iskar famfo, domin wasu lainin, musamman masu arha, suna da sinadarin asbestos mai lalata huhu. A jiƙa ta a goge. Kada kuma a wanke robobin birki da fetur, kumbura suke yi su lalace. A gaba, fad in ya rage milimita 3 ya gama aiki. Faifan kansa an buga masa iyakar sirancewarsa a jikinsa, gangar ma an buga mata iyakar faɗinta; in sun wuce nan, sai sabo.

Sai man birki, wanda kusan ba mai tunawa da shi sai ya ƙare. Shan danshi yake yi daga iska a hankali. Ƙa'idar DOT 3, wanda aka rubuta a murfin tankin man birkin motarka, ita ce sabonsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa tun daga 140 yana iya tafasa. DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Mai in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ƙafarka ta tafi har ƙasa ba komai. A zubar da tsohon a zuba sabo duk shekara biyu. Wanda aka rubuta wa DOT 5 zalla ba a haɗa shi da waɗannan. Masu zuba ruwan sabulu a tanki su ce na lallaɓawa ne zuwa gari na gaba, ina roƙonsu don Allah su daina, fasinjan da ke baya bai san da me ake tafiya da shi ba. In kuma tafiya ta kai ka irin gangarar Hawan Kibo a Filato, ka sauko da giya ƙasa, inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa zai ƙona shi, ko faifai huɗu gare shi.

Yanzu taya, inda nake so ka fi ba ni hankalinka. Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Duk ƙarfin da faifai ko ganga suka yi, ta wasu 'yan wurare huɗu yake sauka ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannunka ba. Ko birkin da ya fi kowanne tsada aka ɗaura maka, in robar da ke taɓa kwalta ba ta dace da wurin ba, motar za ta wuce inda ka so ta tsaya.

Mai facinka ya karanta tambarin daidai, kalmar ce ta yaudare shi. Muna fassara lokacin sanyin Turai da hunturu domin ba mu da wata kalma, amma abu biyu ne daban. Tayar nan an yi ta ne domin ƙasar da ruwa ke daskarewa a kan titi. Robar taya ta yau da kullum tana fara taurarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, riƙonta ya ragu. Sai aka haɗa wata roba mai taushi wadda ba ta sandarewa ko a cikin ƙanƙara, aka yi mata zane mai zurfi, aka tsattsaga kowane ƙullin zanen da ƙananan tsagu masu zikzak kamar an bi da reza, domin su ciji dusar ƙanƙara. A Finlan aka fara yin ta, a 1934, kamfanin da yanzu ake kira Nokian. Mu kuwa a Zariya, ko a tsakiyar Janairu da asuba, lokacin da kowa ke jin ɗumi a bakin wuta, da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, kafin azahar kuma ya koma wajen 30. Wato ko a ranar da ta fi kowace sanyi a shekara, tayar nan ba ta shiga yanayin da aka yi ta dominsa ba. Balle Maris da Afrilu, da iska ke kusan digiri 40, kwalta kuma tana iya haura 60.

Roba mai taushi a kan kwalta mai zafi ƙara laushi take yi. Ƙullayen zanen, da yake dogaye ne kuma a tsattsage, lanƙwashewa suke yi a ƙarƙashin nauyi maimakon su tsaya su riƙe. Za ka ji motar na ɗan lilo a kwana, sitiyari ba ya amsawa nan take, in ka taka birki da ƙarfi kuma tana ƙara tafiyar wasu mitoci kafin ta tsaya, kuma mitocin nan su ne tsakaninka da ɗan acaɓan da ya faɗo hanya a PZ. Wannan lanƙwashewar tana haifar da zafi a cikin tayar kanta, zafi kuwa shi ne babban abin da ke raba roba da wayoyin da ke cikinta, daga nan sai fashewa a kan gudu. Ga saurin cinyewa, ga ƙarin shan mai. Wasu kan ce ai zurfin zanen zai yi amfani da damina. Ruwan Agusta mai ɗumi ne; a kan jiƙaƙƙiyar kwalta mai ɗumi tayar da aka yi domin zafi ta fi ta kamawa.

Kasuwar tayar gwanjo, wadda muke ce wa Beljiyam, cike take da irinsu, kuma akwai dalili. Sabuwar tayar ƙanƙara tana zuwa da zane mai zurfin milimita 8 zuwa sama. A can da ta sauko 4 ta daina amfani a ƙanƙara. A Ostiriya ma doka ba ta lissafa ta a matsayin tayar sanyi in ta gaza haka. Sai su cire. Mu kuma idonmu ya saba da tayar da ta suɗe, muna ganin milimita 4 ko 5 sai mu ce ai sabuwa ce. Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Nijeriya, amma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Legas ta biyo baya, sabuwar taya ta koma kayan waje mai tsada, talaka kuma abin da aljihunsa ya kai yake saye. Na fahimci wannan sarai. Abin da nake so shi ne ko gwanjon mutum zai saya, ya san abin da yake kallo.

Ga yadda ake gane ta. Tambarin dutsen nan mai kai uku da furen ƙanƙara shi ne alama ta farko. Sai ƙananan tsagun nan masu yawa a kan zane, da taushin robar in ka danna farce. Sai suna: Blizzak, X-Ice, Hakkapeliitta, iceGUARD, Winter Maxx, WinterContact, VikingContact, ko ka ga an rubuta Studless, duk na ƙanƙara ne. Wasu ma za ka ga 'yan ramuka a jere inda aka cire ƙusoshi. Amma a kula da abu biyu. Haruffan M+S su kaɗai, ba tare da dutsen ba, ba abin tsoro ba ne. Yawancin tayoyin da motocin Amurka ke zuwa da su suna da su, kuma suna aiki a nan lafiya. Sannan akwai tayoyin duk shekara, irin su Michelin CrossClimate, da wasu na motocin shiga daji, da ke ɗauke da tambarin dutsen alhali an yi su su jure zafi. Don haka ka karanta sunan da ke jikin naka. Motar da ta fito daga Kanada da tayoyi huɗu masu zane mai zurfi da tambarin nan, galibi na ƙanƙara ne zalla.

In ka tashi saye, ka fara da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, nan aka rubuta girman taya da iskar da ta dace. A ce ka ga 195/65 R15 91H a jikin taya: 195 faɗinta ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 15 girman wili ne a inci, 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210. T 190 ne, Q kuma 160, kuma da yawa daga tayoyin ƙanƙara Q ne ko T. Ba don za ka yi wannan gudun ake duba harafin ba, yana nuna yadda tayar ke jure zafi ne. Ka nemi inda aka rubuta TEMPERATURE, ka zaɓi mai A, in ba ta samu ba B. Tayar ƙanƙara yawanci ba ta da wannan rubutun sam. Sai shekaru: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa a kan shekara huɗu daga ranar ƙira. Michelin kuma na cewa a riƙa duba taya duk shekara in ta kai biyar, kada ta wuce goma ko da a matsayin safaya take. Da irin ranarmu da ramukan hanyoyinmu, ni ba na son ganin taya mai shekara shida a ƙarƙashin motar da ke ɗaukar yara.

In kuɗin huɗu bai samu lokaci ɗaya ba, ka sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, duk da na san kowa gaba yake cewa. Dalilin shi ne wanda na faɗa a kan birki, bayan mota in ya kuɓuce ba a kamo shi. Amma tafiya da tayar ƙanƙara a gaba da ta zafi a baya ta 'yan makonni ce, a cikin gari, ba gudu. Ka yi ƙoƙari duka huɗun su sauka kafin zafin Maris. Kafin nan ka rage gudu, ka guji doguwar tafiya da tsakar rana da mota cike. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta ɗumama. Motarka tsakanin 30 da 32 take so, ba 45 ko 50 da ake dura wa mutane a bakin hanya ba, kuma kada a sace iska daga taya mai zafi don an ga ma'auni ya hau.

Ƙanenka kuwa gaskiya aka gaya masa. Montiriyal a lardin Kebek take, kuma doka ce a can mota ta kasance da tayar ƙanƙara daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Kada ya jira ranar; da ya ga sanyi ya zauna ƙasa da digiri 7 ya sa, domin a Nuwamba gareji kan cika. Ya sayi huɗu iri ɗaya masu tambarin dutsen, ko da motarsa mai jan ƙafa huɗu ce, domin jan ƙafa huɗu tashi yake taimakawa, ba ya ƙara komai a wajen tsayawa. Tunda a cikin birni yake, inda ake share titi, marasa ƙusa sun ishe shi. Masu ƙusa sun fi amfani ga mai bin hanyoyin ƙauye da ƙanƙara ke daskarewa kamar gilashi, ga ƙara, kuma ba ko'ina aka yarda da su ba. In zai sayi na hannu, ya duba shekara, kuma zanen ya haura milimita 4 sosai domin ya kai shi ƙarshen sanyi. Ya fi sauƙi ya samo wili huɗu na ƙarfe ya ɗaura su a kai dindindin, canji ya zama kwance noti kawai. Ya riƙa auna iska, domin duk saukar sanyi na digiri 5 ko 6 yana rage wajen ɗaya a ma'auni. In ya ajiye mota a fili a daren da ake tsananin sanyi bayan ta jiƙe, hambirki kan daskare ya ƙi saki. Mai otomatik ya bar ta a P. Bazara na shiga ya cire su ya adana a inuwa.

Zancen Kanada ya dawo da ni kan motarka. A can gishiri suke watsawa a titi domin ya narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi. Motar da ta yi shekaru a wannan ƙasa, jikinta na iya sheƙi alhali ƙarƙashinta ya ruɓe. Ranar da za a buɗe maka gangar, ka sa a hau da motar kan rami, ka shiga da tocila tare da bakaniken. Ku bi siraran bututun ƙarfen da ke kai man birki daga gaba zuwa baya, musamman inda aka maƙale su da 'yan ƙugiyoyi da inda suka bi ta saman tankin mai. Tsatsa ja ta sama-sama a goge a shafa mata mai. In kuwa bututun ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon itace, ko kun ga danshi a jikinsa, a canza shi gaba ɗaya a ranar, kada a yi masa walda ko a ɗaure da roba, sannan a fitar da iska daga ƙafafun huɗu kafin motar ta bar gareji.